Da Sauƙi, In Ji Mai Aski

Mijina bai taɓa yin ciwo ba. Tun da na aure shi sauƙi kawai yake samu. Zazzaɓi ya kayar da shi har yana sambatu, da sauƙi. Ƙofar mota ta datse masa yatsa har farcen ya fita, da sauƙi. Na tabbata ranar da za a sa shi a akwatin gawa, in wani ya sunkuya ya ce, "Dattijo, ya jiki?" sai ya ɗaga murfin ya amsa, sannan ya koma ya kwanta.

Na san ba shi ya ƙirƙiro maganar ba. Duk mai jin Hausa haka yake amsawa, ni ma haka. Amma mu sauran bayin Allah, in an gama gaisuwa mukan gyara zama mu faɗi inda ke mana ciwo. Shi a kan gaisuwar yake tsayawa.

Mai aski ne, kuma dattijo ne a majami'armu, shi ya sa kowa ke ce masa Dattijo. Ni Baban yara nake ce masa, sai in ya ɓata min rai in koma Dattijo kamar kowa. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, da kujera mai juyawa, da bencin masu jira, da wani ƙaton madubi da ya cinye rabin bango. Daga baya akwai ɗan lungu inda keken ɗinkina yake, labule ne kawai tsakaninmu. In na zauna ɗinki labulen ya ɗan buɗe, ina ganin fuskarsa a madubi, shi kuwa idonsa na kan ƙeyar mutane.

A madubin nan na fara ganin ciwon. Kwatangwalonsa na dama ne. Da can shi ke zagaya kan mutum, sai na ga ya kafe wuri ɗaya a kan ƙafar hagu kamar zalɓe, yana juya kujerar, kan mutum na zagaya shi. Samarin unguwa suka ɗauka sabon salo ne, har wani ya ce shi dai jiri yake sa shi amma askin na fita. In wanda ake wa askin ya sunkuyar da kai, sai in ga Baban yara ya cije leɓe, gumi na tsatsafo masa a goshi. Da mutum ya ɗago, murmushi ya dawo wurinsa kamar ba a yi ba. Ya kuma sayi wata doguwar lema mai lanƙwasasshen hannu, yana yawo da ita ko babu gajimare ko ɗaya a sama. Sanda ce, amma ban isa in kira ta da sunanta ba.

Kowace safiya kafin a buɗe shago mukan yi addu'a a bakin gado. Ni ina durƙusawa. Shi ya daina, wai Allah na jin na tsaye kamar yadda yake jin na durƙushe, abin da ban taɓa ji daga bakinsa ba lokacin da gwiwarsa ke lanƙwasuwa. Addu'arsa kuwa asibiti ce guda. Babu marar lafiyar da ba ya kaiwa gaban Ubangiji, da sunan cutar da gefen da take: idon matar maƙwabci, hawan jinin mai gadin makaranta, jaririn da aka haifa bakwaini. In ya zo kan kansa sai murya ta yi laushi.

"Ni kuma bawanka, na gode domin sauƙin da nake samu."

A nan nake rufe bakina.

"Maman yara, ban ji amin ɗinki ba."

"Ba na shaidar zur a gaban mutum, balle a gaban Allah."

Babbar 'yarmu ce ta taɓa tasa shi gaba zuwa asibiti, da kuka da komai. Aka ɗauki hoton ƙashin, aka ce ya cinye, sai an yi tiyata. Aka sa shi a layi, aka ce ya riƙa zuwa ana duba shi kafin lokacinsa ya zo. Shi kaɗai yake zuwa. Ya ce in na bi shi likita za ta rasa wane ne marar lafiyar, saboda surutuna. Na haƙura, ina ta jiran a kira mu. Sai ga wani direban bas na majami'armu, wanda ya shiga layin bayan mijina da nisa, an yi masa nasa aikin, ya warke, har yana taka rawa a lokacin ba da baiko a majami'a. Ranar na ce a raina, komai ake ciki, zuwa na gaba da ni za a je.

Muka je. A bakin ƙofar likita ya jingine lemar a bayan wata kujera, ya miƙe ƙam, ya ja numfashi, ya shiga yana takawa kamar saurayin da ya je gaida surukai. Ni kaɗai na san abin da takun nan ya ci masa.

Likitar yarinya ce, sa'ar 'yarmu, mai fara'a. Ba da Hausa ta tashi ba, a bakin marasa lafiya ta tsince ta, kuma tana ji da ita. Namiji da mace duk ɗaya ne a bakinta.

"Baba, sannu da zuwa. Yaya jiki?"

"Da sauƙi, Likita. Mun gode Allah."

Ta juyo wurina fuskarta cike da murna. "Mama, mijinki tana ba ni farin ciki. Duk zuwa, da sauƙi. Hoto ba kyau, amma mu ba hoto muke yanka ba, mutum ne. Shi ya sa na ba wasu wurinsa, masu ciwo da yawa. Yau zan cire shi daga layi gaba ɗaya."

Na ji kamar an watsa min tafasasshen ruwa a baya. Na ajiye jakata a ƙasa don kada in jefi wani da ita.

"Likita, 'yata, wa ya koya miki Hausa?"

"Marasa lafiya, Mama."

"To, su suka cuce ki. Ki yi haƙuri da tambayata. A cikin waɗanda kika duba, akwai waɗanda Allah ya yi wa rasuwa?"

"Akwai."

"Ranarsu ta ƙarshe, da kika ce yaya jiki, me suka ce miki?"

Ta shiga tunani. Ina kallon idonta yana ƙara girma. "Da sauƙi," ta ce a hankali.

"Gaisuwa ce, 'yata. Kamar ki ce wa mutum ina kwana ya ce lafiya, alhali ɓarayi sun kwashe masa gida. Mutumin nan ba ya iya sa takalminsa, ni ke ɗaura masa. Sandarsa na nan a bayan ƙofarki."

"Lema ce," in ji Dattijo.

Likita ta jawo kujerarta kusa da shi. Ta ce tun da gaisuwa ta ruɗe ta, to a koma lissafi. Daga ɗaya zuwa goma, goma ciwon da ya fi kowanne a duniya, nasa nawa ne?

Ya ɗauki tambayar da muhimmanci, kamar an ba shi wa'azin Lahadi. "To, goma ta Ubangijinmu Yesu ce a kan gicciye, ba mai taɓa ta. Tara ta waɗanda aka kashe saboda sunansa. Takwas ta mata masu naƙuda, ga shaida nan a zaune. Bakwai a bar wa wanda wuta ta ƙona." Haka ya yi ta rabon lambobi kamar mai rabon gado, har da mai ciwon haƙori ya samu kasonsa. Da ya waiwaya, abin da ya rage kaɗan ne. "A rubuta biyu."

Likita ta dube ni, ta dube shi. Ta ce ta yarda da ni, amma ba za ta yanka mutum a kan maganar matarsa ba, sai ta ji daga bakin mai jikin. Ba za ta cire shi yau ba. Mu dawo mako mai zuwa, abin da ya faɗa ranar shi za ta bi.

A hanya ban ce masa uffan ba, kuma duk wanda ya san ni ya san wannan ya fi zagi. Sai da yamma, bayan mutum na ƙarshe da ya zo aski ya tafi, Dattijo yana share gashi a ƙasa yana dogara da tsintsiyar mai dogon hannu, na ɗaga labule na fito.

"Dattijo, so kake ka gurgunce?"

Ya ci gaba da shara.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Asibiti ka je, ba gidan suruki ba."

Ya tsaya, bai juyo ba. "Kin tuna ranar da aka kira ni gaba aka ɗora min hannu ana roƙa min waraka? Duk majami'a ta tashi tsaye saboda ni. Tsohuwar nan mai zama a bencin gaba, wadda ko abincin kirki ba ta samu, azumi ta yi a kaina. Mako na zagayowa na tashi na ba da shaida na ce da sauƙi, aka yi ta waƙa. Yanzu in koma in ce mata me? Allah bai ji ba?" Ya tura gashin cikin kwandon shara. "Kuma shekara nawa ina tsayawa a bakin gadon mutane ina ce musu su gode wa Allah a kowane hali? Sai nawa ya zo in fara gunaguni?"

Fushina ya zube a take, tausayi ya kama ni. Ashe ba taurin kai kaɗai ba ne. Mutumin nan gani yake in ya ce wayyo, ya kunyata Allah a gaban jama'a, shi ya sa ya ɗauki ciwon ya ɗora mutuncin Ubangiji a kai, yana ɗingishi da su duka biyun. Amma zuciyata ce ta yi laushi, bakina bai samu labari ba.

"Shi wanda ka ba goma, da yake rataye a wurin, da sauƙi ya ce? Ai cewa ya yi ƙishirwa yake ji, a gaban maƙiyansa ma. Ko ka fi shi haƙuri ne?"

"An naɗa ki fasto ba a gaya min ba?" Ya rataye tsintsiya ya ɗauki lemarsa.

Fasto na gaskiya ran Asabar ya zo, kamar yadda ya saba, a gyara masa kai saboda sujadar Lahadi. Faston namu bai kai mijina shekaru ba, kuma Allah ya ba shi suma mai yawa, baƙa wuluk, wadda yake ji da ita fiye da yadda ya kamata bawan Allah ya ji da abin duniya. Ba ya yarda kowa ya taɓa ta sai Dattijo. Gefe da gefe kawai ake ragewa, saman kuwa ko almakashi sai da izini.

Ina ɗinkin wata riga ina jin hirarsu a kan rufin majami'a da ke yoyo. Baban yara ya juya kujera, ya sunkuya zai gyara bayan kunne. A madubi na ga abin ya soke shi. Fuskarsa ta murɗe, ƙafar daman ta ƙi ɗaukarsa, ya kai hannu zai kama kujera. Injin askin da ke ɗaya hannun ya tashi daga kunnen Fasto ya haura har tsakiyar kai, ya buɗe titi fes, wanda mota biyu za su wuce ba su gogi juna ba. Sannan injin ya faɗi ƙasa yana ta kuka shi kaɗai a kan siminti.

Fasto ya dubi titin a madubi, ya kai yatsa ya bi shi daga farko har ƙarshe. Sannan ya dubi mutumin da ke rungume da bayan kujerarsa yana haki.

"Dattijo, ya jiki?"

Bakin ya buɗe da kansa. "Da..." Sai idonsa ya faɗa a madubi. Mutumin da ya yi shekaru yana tsaye a gaban madubin nan, ina jin ranar ya fara kallon wanda ke bayan kujera. Ya ga fuskar da nake gani kullum, ya kuma gan ni a bakin labule riƙe da almakashi. Sauran kalmar ba ta fito ba.

Fasto ya tashi da ƙyallen aski a wuyansa, ya kama Baban yara ya zaunar da shi a kujerar. Ban taɓa ganinsa zaune a cikinta ba sai ranar. Fasto ya koma benci, ya ce in ɗauko injin in ƙarasa abin da maigidana ya fara, tun da ba a hawa bagaden majami'a da rabin kai. Ni da ban taɓa aske ko ɗan tsako ba, na kwashe sumar nan tas, Baban yara na ba ni umarni daga kujera da muryar da ba ta fi ta sauro ba.

Da aka gama Fasto ya shafa ƙoƙon kansa, ya yi ajiyar zuciya. "Gobe duk wanda ya tambaye ni ina sumata, zan ce masa da sauƙi."

Mijina ya rufe fuska da hannu. Ban san dariya yake ko kuka ba, ina jin shi ma bai sani ba.

"Dattijo," in ji Fasto, yana kakkaɓe wuyansa, "mun roƙi Allah ya warkar da kai. Ban tuna mun gindaya masa sharaɗin kada ya bi ta hannun likita ba. Ka bar shi ya kare mutuncinsa da kansa, ya saba." Ya sa hannu a aljihu zai biya, na ce ya bar shi, wannan askin sadaka ne.

Washegari da safe na durƙusa a bakin gado. Sai na ji katifa ta motsa. Bai tsaya ba yau, zama ya yi a gefen gadon, ƙafar a miƙe. Ya fara kamar kullum. Idon matar maƙwabci, hawan jinin mai gadi, jaririn bakwaini, har da kan Fasto, Allah ya mayar masa da abin da ya rasa. Ya zo kan kansa.

"Ni kuma bawanka..."

Shiru. Har na ji motar kwasar shara ta wuce a titi, ta tsaya, ta sake tashi. Na matse idona, na ce a raina ko zai kai azahar ba zan sa masa baki ba, kuma Allah ne shaida abin da wannan ya ci min.

"Ubangiji, yana min ciwo." Muryar ta fashe. "Yana min ciwo ƙwarai. Ba na barci. Na gaji. Ina jin tsoron wuƙar likita, ina kuma jin tsoron in zauna ban iya aiki ba. Ban san yadda ake faɗa maka irin wannan ba. Ka dai ji."

Na yi shekaru ina jin addu'ar mutumin nan, mai tsari, mai daɗin ji, wadda ake gayyatarsa bukukuwa saboda ita. Ban taɓa jin wadda ta kai wannan guntuwar ba. Hawaye ya jiƙa min zanin gado. Na ce amin da ƙarfin da ya sa maƙwabciya ta tambaye ni daga baya ko lafiya.

Ciwon bai tafi ba, kada in yi ƙarya ni ma. Da ya tashi sai da na ɗaura masa takalmi kamar kullum. Amma ya bar ni na ɗaura ba tare da ya yi kamar yana neman wani abu a aljihu ba. A majami'a kuma, bayan an gama kallon kan Fasto, na gan shi ya je bencin gaba ya zauna kusa da tsohuwar nan, sun daɗe suna magana. Da ya dawo na tambaye shi me ta ce. Ya ce cewa ta yi ta sani tun tuni, ita makauniya ce da ba za ta ga lema a ranar da ba hadari ba? Azumin ma ba ta daina ba.

Ranar komawa asibiti ya shiga ɗakin likita da lemarsa a hannu, yana dogara ta a fili.

"Baba, yaya jiki?"

"Da sauƙi, Likita."

Na miƙe tsaye. Ban san me zan yi ba, amma na san sai an kira masu gadi. Ya ɗaga min hannu.

"Zauna, Maman yara. Wannan gaisuwa ce, ba a fasa ta. Yanzu ga magana." Ya juya wurin likita ya zayyana mata komai, daga barcin da ba ya yi har titin da ya buɗe a kan Fasto. Ta yi ta rubutu tana danne dariya. Ta sake tambayarsa lamba.

"Bakwai."

"Ba takwas ba, Baba?"

"Takwas ta mata ce. Ina da 'ya'ya, ba zan ci haƙƙin uwarsu ba. Mai ƙunar wuta dai ya matsa min mu zauna tare."

Ta mayar da shi layi, kusa da gaba. Ta ce akwai wasu tsofaffi da take so ta sake kira ta yi musu tambayar da kyau. Da za mu fita ta ce, "Mama, in sun ce da sauƙi, me zan ce?" Na ce ta amsa da Allah ya ƙara sauƙi, sannan ta gyara zama ta ce, to, yanzu ina ke ciwo?

Barandar asibitin doguwa ce, cike da mutane a kan benci, kowa na kallon kowa. Mun yi rabi sai ya tsaya. Na ɗauka wani abu ya manta.

"Maman yara, ba zan iya kaiwa ƙofa ba. Ki riƙe ni."

Ya ɗora hannunsa a kafaɗata, a gaban jama'a, ya sakar min nauyinsa duka. Ashe mutumin nan nauyi gare shi. Gwiwata ta ɗan lanƙwashe, na gyara tsayuwa, muka ci gaba a hankali, lema na ƙwanƙwasa ƙasa a ɗaya gefen. Wata mata mai goyo da ke zaune ta janye ƙafarta don mu wuce.

"Sannu, Baba. Ya jiki?"

Kafin ya buɗe baki na riga shi. "Da sauƙi."

Ya juyo ya kalle ni ta gefen ido. "To, wa ke shaidar zur yanzu?"

"Ni ba ƙarya nake ba," na ce. "Riƙe da kyau, akwai matakala a gaba."